Daga Mahram zuwa Dokar Ilimin Bai-Ɗaya: Tarihin Dokokin Koyon Karatu da Kula da Malamai a Ƙasar Barno

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna tsara manhajar Hausa ta makarantun firamare, akan ɗauka cewa abubuwa uku sun riga sun tabbata: yaro zai zo aji, zai tarar da malamin da ya san aikinsa, kuma an riga an tsayar da harshen da za a koya masa karatu da shi. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da yake hannun mai tsara manhaja. Doka ce take tanadar su, ko kuma ta gaza tanadarwa. Saboda haka wannan maƙala ta waiwayi tarihin dokokin ilimi kamar yadda suka shafi Maiduguri da ƙasar Barno, domin a ga abin da kowace doka ta faɗa game da iya karatun ɗalibi da matsayin malami, da kuma abin da ta yi shiru a kansa.

An zaɓi Barno ne bisa dalilai biyu. Na farko, tana cikin wuraren da suka fi daɗewa da al'adar karatu da rubutu a Afirka ta Yamma. Na biyu, a nan ne aikin malanta ya gamu da jarrabawa mafi tsanani a tarihin Nijeriya, daga shekarar 2009 zuwa gaba. Ya kamata a lura tun farko cewa tsarin mulkin ƙasa ya sanya ilimi cikin al'amuran da tarayya da jihohi suke da ikon yin doka a kansu tare. Ke nan dokar tarayya ba ta isa cikin aji sai ta bi ta hannun majalisar jiha da hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi.

2.0 Mahram: Malami a Ƙarƙashin Inuwar Sarauta

Musulunci ya kafu a fadar Kanem tun ƙarshen ƙarni na 11, a zamanin Mai Umme Jilmi. Daga cikin abubuwan da sarakunan Saifawa suka bari akwai wasu takardu da ake kira mahram. Mahram takarda ce da Mai yake bai wa wani malami da zuriyarsa, wadda take haramta wa kowa taɓa jininsu da dukiyarsu, ta kuma ɗauke musu haraji da fita yaƙi. Wanda ya fi shahara shi ne wanda ake dangantawa da Umme Jilmi, aka bai wa Malam Muhammad ibn Mani saboda karantar da sarakuna Alƙur'ani, ko da yake kwafin da ya iso gare mu an rubuta shi ne daga baya. H. R. Palmer ya tattara wasu daga cikin waɗannan takardu ya buga fassararsu a 1928 da 1936, sannan Hamid Bobboyi ya yi nazarin rawar da suka taka a dangantakar malamai da sarakuna.

Ba za a kira mahram dokar ilimi irin ta yau ba, domin alfarma ce da sarki yake yi wa wanda ya ga dama, kuma ba ta ambaci ɗalibi ba. Amma ta ƙunshi wata fahimta mai muhimmanci, wato karatu ba ya ɗorewa sai an tsare ran mai koyarwa, an kuma sauƙaƙa masa neman abinci. A kan wannan ginshiƙi ne ƙauyukan malamai da ake kira mallamti suka bunƙasa, Birnin Gazargamu ya zama matattarar masu neman ilimi bayan da Mai Ali Gaji ya kafa shi a ƙarni na 15. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da masaukin ɗalibai a Alƙahira, wato makarantar Ibn Rashiƙ da al-Maƙrizi ya ambata. Har yau kalmomin tsangaya da gwani, waɗanda Hausa ta aro daga Kanuri, suna shaidar inda mahaddata suka riƙa dosa.

Akwai wani abu kuma da ya shafi mai tsara manhaja kai tsaye. Tsofaffin kwafe-kwafen Alƙur'ani na Barno suna ɗauke da sharhi a tsakanin layuka da tsohon harshen Kanembu, kuma malamai sun gaji wani salon fassara da ake kira tarjumo. Ma'ana, malaman Barno sun daɗe da sanin cewa ana shigar da ɗalibi cikin baƙon harshe ne ta ƙofar harshen da ya sani.

3.0 Zamanin Turawa da Jihar Arewa

An kafa Yerwa a 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya yi aikin mulki a Barno kafin a ɗora masa nauyin ilimi, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, daga nan aka yi ta buɗe makarantun larduna, har da ta Maiduguri a 1915. Manufar waɗannan makarantu taƙaitacciya ce: samar da ma'aikatan En'e da magatakarda. Dokar ilimi ta Lugga ta 1916 da ta 1926 sun fi mayar da hankali ga Kudu, inda makarantun mishan suka yawaita. Sai a 1948 aka sami dokar da ta game ƙasa baki ɗaya.

Dangane da harshe, Barno ba ta bi sahun Kano da Katsina sak ba. A yankunan Kanuri an yi amfani da harshen Kanuri a azuzuwan farko na elemantare. Sa Kashim Ibrahim, wanda aka haifa a Yerwa a 1910, ya yi Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Barno kafin ya zama mai zagayen duba makarantu, ya rubuta littattafan karatu da na lissafi da Kanuri domin waɗannan azuzuwa. A kudancin lardin kuwa, mishan da ta sauka a Garkida a 1923 ta koyar da karatu da harshen Bura, daga bisani ta kafa makarantun Waka kusa da Biu. A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga wa Lardin Barno jaridarsa mai suna Albishir. Ashe tun kafin samun 'yancin kai an riga an gwada koyar da karatu da harsuna fiye da ɗaya a wannan lardi.

Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar iliminta a 1956. Bayan rahoton Oldman na 1961 aka yi dokar 1962, wadda ta samar da hukumomin ilimi na yankuna, ta kuma tsara haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da En'e da ƙungiyoyin sa-kai. Daga nan ne al'adar ɗora makarantar firamare da malaminta a wuyan hukumar da take ƙasa ta samo asali. Wannan al'ada tana da amfani, domin tana kusanto da makaranta ga jama'a. Illarta ita ce ta rataya albashin malami a jikin hukumar da ta fi kowace ƙarancin kuɗi.

4.0 Daga 1967 zuwa 1999: Yalwar Ɗalibai da Rashin Tabbas ga Malami

Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Barno a 1976. A watan Satumba na wannan shekara ta 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Dole aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, aka kuma ɗauki mutane da yawa waɗanda horonsu bai nuna ba. Jihohin da suka fi ƙarancin masu takardar shaidar malanta, kamar Barno, su suka fi jin jiki.

A ɓangaren harshe an sami ci gaba na haƙiƙa. A 1975 Hukumar Harshen Kanuri da ke Maiduguri ta amince da daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Kanuri, bayan aikin da Norbert Cyffer da John Hutchison suka yi tare da masana 'yan ƙasa. A wannan shekara aka kafa Jami'ar Maiduguri. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsa kafin a koma Ingilishi, kuma kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta shigar da wannan tanadi cikin doka, ta kuma bayyana cewa babbar manufar firamare ita ce dasa iya karatu da rubutu da lissafi mai ɗorewa. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya ƙarfafa wannan ra'ayi, domin yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishi.

Sai dai dokar ba ta fayyace wanda zai zaɓi harshen muhalli a gari irin Maiduguri ba, balle ta ce ga wanda zai buga littattafai ko ya horar da malamin da zai koyar da shi. Aka bar wa malami ya yi abin da ya ga zai iya. Abin da aka saba gani shi ne littafi da Ingilishi, bayani da Hausa ko Kanuri, jarrabawa kuma da Ingilishi.

Ta fuskar albashi kuwa, waɗannan shekaru na jeka-ka-dawo ne. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, malaman firamare a jihohi da dama suka riƙa shafe watanni ba albashi. Dokar soja mai lamba 31 ta 1988 ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa domin magance wannan. A 1991 doka mai lamba 3 ta rushe ta, ta mayar da firamare hannun ƙananan hukumomi. A 1993 doka mai lamba 96 ta sake dawo da ita tare da hukumomin firamare na jihohi. Wato cikin shekara biyar an sauya wa malami uban gida sau uku. A 1993 ɗin ne kuma aka yi dokar kafa Majalisar Rajistar Malamai, wadda ta ayyana malanta a matsayin sana'ar ƙwararru. An ba malami suna, amma ba a ba shi tabbacin ranar da zai karɓi haƙƙinsa ba.

5.0 Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Ta wajabta ilimi na shekara tara kyauta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta zuba rabin kuɗin duk aikin da za a yi. Ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sanya ɗansa a makaranta: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, naira 5,000 ko wata biyu bayan haka. Ta kuma lissafa littattafai da kayan koyarwa da kujeru da abincin rana cikin abubuwan da za a bayar kyauta. Jihohi, har da Barno, suka kafa hukumominsu na SUBEB domin aiwatar da ita.

Wannan doka babbar nasara ce, domin sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci ilimi kyauta ne a babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Kotun ƙungiyar ECOWAS ma ta tabbatar a shari'ar da ƙungiyar SERAP ta shigar cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a gaban alƙali. Amma idan aka karanta dokar da idon mai koyar da karatu, za a ga giɓi biyu. Ta wajabta zaman yaro a aji, ba ta ƙayyade matakin iya karatun da ya kamata ya kai a ƙarshen aji uku ko aji shida ba. Haka kuma tallafin tarayya ya fi tafiya ga gine-gine da kayan aiki da taron ƙara wa juna sani, albashi kuwa ya ci gaba da fitowa daga kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake tayar da tsohuwar tambayar 1991: wa zai lamunce wa malamin firamare albashinsa?

6.0 Shekarun Rikici da Abin da Ya Biyo Baya

Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli na 2009 ya mayar da makaranta da malami abin hari. A 2012 aka fara ƙona makarantun firamare a cikin birni. A watan Maris na 2014 gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare, a daren 14 ga Afrilu kuma aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok. Makarantu da dama a Maiduguri suka zama sansanonin 'yan gudun hijira, ba a koma karatu a sakandaren gwamnati ba sai a 2016. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2016 ya ce an kashe malamai aƙalla 611, wasu 19,000 sun bar gidajensu tsakanin 2009 da 2015. A 2017 asusun UNICEF ya ba da adadin malamai fiye da 2,295 da aka kashe a Arewa maso Gabas, da makarantu kusan 1,400 da aka lalata, ya kuma ce fiye da rabin makarantun Barno a rufe suke a lokacin.

Dokar 2004 ba ta hango irin wannan yanayi ba, don haka ba ta tanadi diyyar malamin da aka kashe a bakin aiki ba, ko alawus ɗin wanda aka tura wuri mai haɗari. Abin da mahram ya fara da shi, wato tsare ran malami, shi ne abin da dokar zamani ta tsallake. An yi ƙoƙarin cike giɓin da shirin kare makarantu na 2014, da sanarwar Oslo ta 2015 wadda Nijeriya ta tabbatar da amincewa da ita a 2019, da kuma manufar tsaron makarantu ta ƙasa ta 2021. Gwamnatin Kashim Shettima ta gina manyan makarantu domin marayu. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanya hannu a dokar kare haƙƙin yara ta jiha a watan Janairu na 2022, an kuma kafa hukumar kula da ilimin Larabci da tsangaya ta jiha. A matakin tarayya, dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a 2023 kuma aka yi dokar hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Abin da ya fi tona asirin tarihin da aka zayyana a sama shi ne jarrabawar gwajin ƙwarewa da gwamnatin jiha ta yi wa malaman ƙananan hukumomi 27, wadda sakamakonta ya fito a watan Fabrairu na 2022. Daga cikin malamai 17,229, an sami 5,439 da suka cancanta, 7,975 da za su iya cancanta idan an horar da su, da 3,815 da aka ce ko horo ba zai amfane su ba. Gwamnan ya ce ba za a kori kowa ba, za a horar da masu horuwa, a sauya wa sauran aiki. Bai dace a karanta waɗannan alƙaluma a matsayin laifin malamai kaɗai ba. Amfanin gonar da aka shuka tun 1976 ne: ɗauka cikin gaggawa, albashi maras tabbas da ya kori masu hazaƙa, sannan rikicin da ya cinye wasu daga cikin ƙwararru.

7.0 Darasi ga Manhajar Hausa

Hausa ta zama harshen kasuwa da titi a Maiduguri, kuma zuwan 'yan gudun hijira daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno da sauran garuruwa ya ƙara cakuɗa harsuna a aji ɗaya. Malami yana iya tarar da masu jin Kanuri da Larabcin Shuwa da Bura da Margi da Fulatanci a gabansa, Hausa ce kawai ta haɗa su. Amma ga akasarin waɗannan yara Hausa harshe na biyu ce, alhali littattafanmu na fara karatu an rubuta su ne da tunanin yaron Kano ko Zariya.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Kanuri ba shi da sautukan ɓ da ɗ da ƙ da ts, saboda haka yaron da ya tashi da shi ba lalle ne ya ji bambancin kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ko da da ɗa ba. Malamin da zai koya masa lanƙwasassun baƙaƙe sai ya fara da horar da kunne kafin ido. Kanuri ba ya rarrabe jinsin namiji da tamata a nahawu, shi ya sa ya da ta sukan cakuɗe a Hausar Maiduguri. Aikatau ma a ƙarshen jimla yake zuwa a Kanuri, saɓanin Hausa. Manhajar da ba ta lura da waɗannan ba za ta sa malami ya ɗauki yaro daƙiƙi, alhali baƙo ne a harshen. Shirye-shiryen da masu ba da agaji suka tallafa, kamar Mu Karanta a Bauci da Sakkwato da kuma darussan Hausa da Kanuri na cibiyoyin koyo a Barno da Yobe, sun nuna cewa ana iya tsara darasin karatu daki-daki da harsunan gida. Matsalarsu ita ce ba su tsaya a kan dokar jiha ko kasafin kuɗinta ba, don haka sukan yi rauni da zarar tallafi ya yanke.

Manufar tarayya ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2022 majalisar zartarwa ta amince da koyarwa da harshen uwa har tsawon shekara shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma ga Ingilishi. Cikin shekara uku an gaya wa malami abubuwa biyu masu karo da juna, bai kuma sami isassun littattafai ko horon ko ɗaya daga ciki ba. Koyar da Hausa da Kanuri a matsayin darussa na nan, kuma nan ne manhaja take da sauran fili na gina iya karatu.

8.0 Kammalawa da Shawarwari

Tarihin da aka bi ya nuna cewa dokokinmu sun ƙware wajen kafa hukumomi da tilasta shigar da yara makaranta, amma sun yi sakaci da abin da yaro zai fita da shi da kuma halin wanda zai koya masa. Tun da jiha tana da ikon yin dokar ilimi, ana ba da shawarar duk gyaran da Majalisar Dokokin Jihar Barno za ta yi ya ƙunshi waɗannan:

1. A ƙayyade matakin iya karatu da ake so yaro ya kai a ƙarshen aji uku, a riƙa auna shi duk shekara, a kuma bayyana sakamakon kowace ƙaramar hukuma.

2. A ɗora wa hukumar SUBEB nauyin tantance harsunan da yara suke ji a kowace makaranta, domin a san inda za a koyar da Hausa a matsayin harshen uwa da inda za a koyar da ita a matsayin harshe na biyu.

3. A wajabta kwas na dabarun koyar da fara karatu a kwalejojin ilimi na Maiduguri da Waka-Biu da Bama, wanda zai ƙunshi kwatanta sautukan Hausa da na Kanuri da sauran harsunan jihar.

4. A sanya albashin malamin firamare cikin kuɗin da ake fara cirewa kafin kowane, a kuma rubuta alawus na wuraren haɗari da diyyar iyalan malamin da ya rasu a bakin aiki cikin doka.

5. A ware wani kaso tsayayye na kasafin ilimi domin buga littattafan karatu da harsunan jihar, tare da shigar da tsangayu cikin rabon.

Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024, wadda ta sake rufe makarantun Maiduguri, ta tunatar da mu cewa gini yana iya salwanta cikin dare ɗaya. Abin da yake saura bayan haka shi ne malamin da aka horar da yaron da ya riga ya iya karatu, kuma su ne ya kamata doka ta gaba ta sa a gaba.